Gajiyar Da Barci Ba Ya Kashewa

Ya ku malamai da attajirai, akwai wata magana da mu kan ji a bakin iyayen gida, a rumfa da kanti da ofis. Sai ka ji mutum yana cewa, "Yaron nan sa'ad da ya zo wurina wuta ne, kafin in ce ɗauko ya ɗauko. Yanzu kuwa ya lalace, ga mantuwa, ga baƙar magana ga masu ciniki, lissafi ma sai ya yi sau uku bai daidaita ba." Daga nan sai a yanke hukunci, a ce ƙiwuya ce, ko kuwa ƙoshi ya yi masa yawa. To, kafin a yanke, ya kamata a tambaya, yaushe rabon yaron nan da ya wuni a gidansu? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Gajiya iri biyu ce. Akwai wadda mutum zai kwanta da ita, gari ya waye ya tashi garau. Akwai kuma wadda ke taruwa wata da watanni, har ta bar gaɓoɓi ta shiga zuciya. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana ta a rubuce a 1974, bayan ya ga yadda ta ke cinye masu aikin sa kai a wani asibitin talakawa a birnin Niyok. Sunan da Turawa suka ba ta yana nufin ƙonewa ƙurmus, kamar fitilar da manta ya ƙare, lagwani ya shiga cin kansa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi alamominta uku: ƙarewar ƙarfi, da fitar aikin daga rai har mutum ya tsane shi, da raguwar gwaninta. Ta kuma ce asalinta matsin aiki ne da ya daɗe ba a yi maganinsa ba. Watau ke nan, in an gan ta, wurin aikin za a fara bincika tukuna.

Ga wani labari da ya isa attajiri ya yi tunani. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, harsasan igwa suka yi wa sojan Ingila ƙaranci. Gwamnati ta matsa wa masana'antu, aka cika su da ma'aikata, da yawansu mata, ana aiki dare da rana har ran Lahadi, wasu suna wuce awa 70 a mako. Kowa ya ɗauka cewa in an ƙara awoyi, lalle harsashi ya ƙaru. Amma sai rashin lafiya da fashin aiki da haɗari suka yawaita. Cikin shekaran nan aka naɗa kwamitin likitoci da masana don su duba lafiyar ma'aikatan. Suka shiga masana'antu da alƙalami, suna ƙidaya abin da kowane rukuni ya ƙera da awoyin da ya yi. Shawarar da suka fara bayarwa ita ce a bar aikin Lahadi. Suka kuma tarar, inda aka rage awoyi, abin da ma'aikaci ke ƙerawa cikin awa guda ya kan ƙaru.

Bayan kusan shekara ɗari, a 2014, wani malamin tattalin arziki na Jami'ar Stanford, John Pencavel, ya sake lissafa alƙaluman kwamitin nan. Ya ga cewa har wajen awa 49 a mako, aiki yana ƙaruwa daidai da lokaci, daga nan sai ƙaruwar ta soma ja da baya. Abin da aka ƙera cikin awa 70 kuwa, da kaɗan ya bambanta da na awa 56. Ku duba fa, awa 14 ke nan a mako na wahalar banza, an biya lada, an ƙona wuta, an gajiyar da bayin Allah, ba a ƙaru da kome ba. Wannan shi ne garin neman ƙiba a samo rama.

Hasarar kuwa ba ta tsaya ga dukiya ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ba da ƙiyasi cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Wanda ke buɗe rumfa da hantsi, ba ya rufewa sai bayan isha'i, kwana bakwai a jere, sai ya lissafa nasa awoyin da na yaransa ya gani.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san madugun kirki da auna tafiya tsakanin zango da zango, don in dabbobi suka faɗi a hanya, kaya da riba duk sun faɗi. Makarantun allo kuma tun kaka da kakanni suna hutun Alhamis da Juma'a, ba a taɓa cewa hutun nan ya hana kowa sauka ba. Malamai sun fi mu sanin gargaɗin da shari'a ta yi a kan ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ita ma ta ba leburori da akawuna hutun yini guda cikin kowane kwana 7, da hutun awa guda ga wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye, da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan wata 12.

To, me ya kamata maigida ya yi? Da farko ya auna kaya. In aikin mutum uku ne, kada ya ɗora wa biyu, ya riƙa yabon haƙurinsu. Na biyu, ya tsai da ranar hutu sananniya, a riƙa karɓa-karɓa in ba a iya rufe rumfa, kuma ran nan kada ya bi yaro da kiran waya. Na uku, ya biya lada a kan kari, ya daidaita tsakanin ɗan ɗakinsa da bare, gama ba abin da ke kashe zuciyar ma'aikaci da sauri kamar ya ga shi ke wahala wani ke shan romo. Na huɗu, ya sakar masa hannu cikin ƙananan al'amura, ya kuma nemi shawararsa, don wanda ke tsaye gaban masu ciniki ya kan ga abin da maigida bai gani ba. In ya yi daidai a yaba masa a gaban mutane, in ya yi kuskure a ja shi gefe.

Na biyar, kuma shi ya fi duka, ya nuna masa inda hanyar ta nufa. A al'adar kasuwancinmu yaro yana yi wa ubangidansa hidima ne da sa ran wata rana a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya san ranar sallamarsa ya kan jure abin da wanda aka bari cikin duhu ba ya jurewa.

In kuwa alamomin nan sun riga sun bayyana ga wani, maimakon kora a kira shi a keɓe a tambaye shi, a rage masa nauyi, a kuma tura shi wurin likita, domin hawan jini da ciwon sukari da ciwon damuwa su ma su kan zo da irin wannan kama. Jiki magayi ne, in ya yi magana a saurare shi.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, ya sa albarka cikin nemanmu, amin.