Dashen Ƙwai: Aikin da Ake Yi Bayan Ƙofar da Ba a Buɗe wa Ma'aurata

Daga Junju, a gundumar da taswira ke kira Dioundiou, zuwa ɗakin da ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a wajen jiki, tafiya ce mai nisa da cin kuɗi. Babu irin wannan ɗaki a Junju, babu a Gaya. Ma'auratan da suka gaji da rubutu da jiƙe-jiƙe, likita kuma ya tabbatar musu cewa hanyar ƙwai ta toshe ko maniyyi ya yi rauni, sai dai su sayar da shanu ko gona su bi ta Kamba su nufi Abuja ko Legas, inda gwaji ɗaya kan ci miliyoyin naira. Wasu su yi Kwatano, masu hannu da shuni su hau jirgi. Ba tsiraru ne ke cikin wannan damuwa ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Sau da yawa kuma matsalar daga namiji take, ko da yake matar ce ke shan gori a kira ta juya.

Aikin ba sabo ba ne. An haifi Louise Brown a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, ita ce ta farko a duniya da aka haifa ta wannan hanya. A Abuja, Dakta Ibrahim Wada ya yi nasarar irin wannan haihuwa a asibitin Nisa a 1998. Sai dai masu zuwa neman haihuwa likita kawai suke gani, shi suke tambaya, shi suke yi wa godiya. Rabin aikin kuwa a hannun wani yake, masanin ɗan tayi, wanda ke zaune a ɗakin gwaje-gwaje, ba lallai ma su ga fuskarsa ba har su koma gida.

Bayan kimanin kwana goma ana yi wa mace allurai, likita zai zuƙo ruwan da ƙwai ke ciki da siririyar allura, ya miƙa shi ga ɗakin da ke maƙwabtaka. Can za a zuba shi a ɗan faranti, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma a shiga laluben ƙwan, wanda girmansa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. In maniyyi lafiyayye ne, a haɗa su a bar su. In mai rauni ne, a ɗauki ƙwayar maniyyi guda a soka ta cikin ƙwan, dabarar da aka fara a Beljiyam a 1992. Daga nan sai akwatin reno, mai zafin jikin mutum, digiri 37, da iskar da aka auna. Washegari a duba ko an samu haɗuwa. A kwana na uku ɗan tayin ya kai ƙwayoyin halitta takwas ko kusa da haka, a kwana na biyar ya haura ɗari. A tsakanin nan ake mayar da shi mahaifa.

Kamar kaza ce a kan ƙwai, in ta tashi ta jima, an yi asara. Shi ya sa wutar lantarki ta zama tambayar farko. Mutanen jihar Dosso sun san daɗinta da rashinta, tun ba yadda Najeriya ta katse wa Nijar wuta a Agustan 2023 ba. Ɗakin da ya san abin da yake yi ba ya dogara da janareto kaɗai, sai da batura masu karɓar aiki nan take, domin 'yan mintocin da ake ɗauka kafin inji ya tashi suna iya taɓa ɗan tayi. Iska ma haka. Ƙurar hunturu, hayaƙin janareto, warin sabon fenti, duk guba ne a wurin. Ma'aikaciyar da ta saba fita da humra da turaren wuta, a ƙofar nan take haƙura da su, don ba a shiga da ƙamshi.

Ragowar 'yan tayin da ba a dasa ba, ana daskarar da su a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tankin ba ya cin wuta, amma ruwan yana ƙafewa, dole wani ya riƙa dubawa yana ƙarawa. A Maris ɗin 2018 tanki ya samu matsala a wani babban asibiti a Cleveland ta Amurka, ƙwai da 'yan tayi kimanin 4,000 suka lalace. An gano ƙararrawar da ya kamata ta sanar da ma'aikata a kashe take.

Amma abin da ya fi kamata ya tsaya wa Musulmi a rai shi ne nasaba. Ƙwan Hajiya da na wadda ta biyo bayanta a layi ba su da bambanci a ido, maniyyi ma haka. Abin da ke raba su sunan da aka rubuta a jikin faranti ne kawai. A 2002 wasu Turawa ma'aurata a Leeds ta Ingila suka haifi tagwaye ruwa biyu, bincike ya nuna maniyyin wani aka sa bisa kuskure. Bayan haka aka tsaurara ƙa'idar shaida biyu: duk lokacin da za a ɗauke ƙwai ko ɗan tayi daga wani mazubi zuwa wani, sai mutum na biyu, ko na'ura mai karanta lamba, ya tabbatar da sunan. Duk da haka a 2025 kamfanin Monash na Ostireliya ya amsa cewa wata mata a Brisbane ta haifi jaririn da ba nata ba. A Leeds launin fata ne ya tona asiri. A asibitin da kowa baƙi ne, me zai tona?

Malamai sun daɗe da yin magana. Muftin Masar, Shaikh Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawa a 1980 cewa aikin halal ne matuƙar ƙwan matar ne, maniyyin mijinta ne, aure kuma yana nan. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a kan haka a zamanta na Amman a 1986. Akwai ma wani batu da ya shafi gidajenmu kai tsaye: majalisar fiƙihu ta Makka ta yarda a 1984 a dasa ɗan tayin mace a mahaifar kishiyarta, sannan ta janye a 1985, saboda kishiyar na iya ɗaukar nata cikin a daidai lokacin, a rasa wace ce uwar wa. A wannan fahimta, ɗan tayin da aka daskarar ba a dasa shi bayan saki ko rasuwar miji. To amma malami ba ya shiga ɗakin gwaji. Halaccin da ya bayar yana rataye ne a wuyan mai riƙe da faranti, ko ya yi kuskure, ko ya ga maniyyin miji ba zai yi ba ya “taimaka” a ɓoye don sunan asibiti ya ɗaukaka. Wannan na biyun cin amana ne tsagwaronsa, ko da an yi shi da sunan tausayi.

Doka kuwa ba ta kamo aikin ba tukuna. Ingila na da hukuma ta musamman tun 1991 mai ba da lasisi da binciken ɗakunan. A Najeriya jihar Legas ta fitar da nata ƙa'idoji a 2019, ƙungiyar masanan fannin ma tana da nata, amma an sha kai ƙudurin dokar tarayya majalisa yana maƙalewa. Inda babu mai dubawa, 'yan damfara ke yin bukka. Binciken BBC na Nuwamban 2024 ya bankaɗo masu yaudarar mata a jihar Anambra da “ɓoyayyen ciki” wanda wai hoto ba ya gani, daga ƙarshe a miƙa musu jaririn da aka sayo.

Ko a asibitin gaskiya akwai kwaɗayin cika mahaifa da 'yan tayi uku ko huɗu don a ce an dace. Mu kan yi murna da tagwaye, amma 'yan uku bakwaini ga matar da za ta koma haihuwa a ƙauyen da ke nesa da kwalbar jarirai haɗari ne gare ta da su. Haka zancen tabbas: a ƙasashen da ake ƙididdiga, macen da ba ta kai shekara 35 ba tana dacewa ne kusan sau ɗaya cikin uku a kowane dashe, bayan arba'in kuma abin ya yi ƙasa sosai. Duk mai cewa “ɗari bisa ɗari” ciniki yake yi.

Ɗan Nijar yana da ƙarin nauyi. A Abuja ko Legas, takardar amincewa da Ingilishi za a miƙo masa, shi kuwa Faransanci ya karanta, ko ajami. A cikinta aka rubuta shekara nawa za a ajiye 'yan tayinsa, nawa zai riƙa biya, da abin da za a yi da su in ya daina zuwa. Wanda ya ga yadda aka rufe gadar Gaya zuwa Malanbil da iyakar Kamba a 2023 ya san mutum na iya daina zuwa ba da son ransa ba.

Don haka, Alhaji, Hajiya, kafin ku ajiye ko sisi, ku nemi a fassara muku takardar baki da baki. Ku ce kuna son ganin mai kula da ɗakin gwaji. Ku tambaye shi wa ke shaida in ana sauya faranti, me ke riƙe akwatin reno in wuta ta ɗauke, 'yan tayi nawa za a dasa, ina ragowar za su. Ku sa a rubuta cewa ba ku yarda da ƙwai ko maniyyin kowa ba sai naku. Asibitin da ya ɓata rai da waɗannan tambayoyi, ku ɗauki jakarku ku nemi wani.