Ɗan Duba a Cikin Waya

A rumfar masu cajin waya da ke bakin titin Kano zuwa Katsina a Kankia, ba wuya ka tarar da samari sun haɗa kai a kan waya guda suna ta ƙyaƙyata dariya. Saƙo ne ya shigo ta WhatsApp: amsa tambayoyi goma a faɗa maka halinka, da irin turare ko wayar da ta dace da kai, wani lokaci har da alkawarin data kyauta. Kafin shayi ya huce an gama. Sai sakamako ya fito: kai mai haƙuri ne, amma in aka ƙure ka ba ka da daɗi, kana son jama'a, amma wani sa'in ka fi son zama kai kaɗai. Mai wayar ya dafe ƙirji, "Wallahi kamar ya san ni!"

Bai san shi ba. A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, sannan ya miƙa wa kowa takardar da ya ce sakamakonsa ce. Ya nemi su ba ta maki daga sifili zuwa biyar, gwargwadon yadda ta dace da su. Da aka raba makin, sai ya tashi kusan 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga littafin masu duban taurari ya tsinto jimlolin. Mu da muka san 'yan duba ba sai an yi mana dogon bayani ba: wanda ya ce maka "akwai mai yi maka hassada a cikin dangi" bai taɓa kuskure ba, domin wa ya rasa?

Ba a ce duk gwajin hali shirme ne ba. Akwai ma'aunin da masana suka daɗe suna aiki da shi, mai duba fuska biyar na halin mutum, kuma yana da amfani a inda aka ƙera shi. Matsalar ita ce tafiya. Da aka gwada shi a kan Tsimane, wata al'umma ta manoma da mafarauta a Bolibiya, binciken da aka buga a 2013 ya nuna fuskokin nan biyar ba su fito yadda ake zato ba. To, ɗauki tambaya irin ta "Ina jin na fi yawancin mutane ƙwarewa", ka kai wa magidanci a Kusada. Zai ce a'a, ko da shi ne ya fi kowa cika rumbu da gero a unguwar, domin an rene shi a kan cewa yabon kai jahilci ne. Na'ura kuwa za ta rubuta cewa ba shi da ƙarfin gwiwa. Budurwar da kunya ta hana ta amsa cewa tana son fita taro, a rubuta ta a marasa son mutane, alhali ita ce kan gaba a kowane biki. Bar ta batun wayar da mutum uku ke amfani da ita a gida ɗaya, ko yaron da ke danna amsa ido rufe don ya kai ga datar.

Sauƙin yin gwajin ta waya kuwa gaskiya ne, sai dai a tambaya: sauƙi ga wa? Kamfanin da a da sai ya tura ma'aikata da takardu ƙauye-ƙauye, yau yana kwance amsoshi na zuwar masa. Kuma ba amsar kaɗai yake so ba. Masu bincike daga jami'o'in Kambirij da Stanford sun nuna a 2015 cewa abubuwa 300 da mutum ya danna wa alamar so a Facebook sun isa kwamfuta ta hasashi halinsa fiye da matarsa.

Da gwajin hali aka yi babbar ɓarnar nan da ta fallasu a 2018. Kimanin mutum 270,000 ne suka shiga wata manhaja ta tambayoyi a Facebook, ta bi ta kansu ta kwashi bayanan abokansu, har adadin ya kai kusan miliyan 87, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica don aikin siyasa. Amurka ta ci tarar Facebook dala biliyan 5 a 2019. Kada a ce abin nesa ne: jaridun Ingila sun ruwaito cewa an ɗauki hayar wannan kamfani a zaɓen Nijeriya na 2015 don ya yaƙi takarar Muhammadu Buhari, ɗan jiharmu ta Katsina.

Tun Yunin 2023 Nijeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita. Dokar ta ba ka ikon sanin wanda ke karɓar bayananka da abin da zai yi da su. Ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia da ta turo maka tambayoyin aikin bincikenta za ta faɗi ko ita wace ce da abin da take nema, kuma kana iya kiranta ka ji. Gwajin da ya fara da launin da ka fi so ya ƙare da neman lambar BVN ko NIN, rufe shi a nan, datar ba ta zuwa.