Kafin ka sa wufa a motarka, fara sanin ƙarfin wutarta

'Yan'uwa da yawa a nan Legas, da zarar mutum ya sayi tokumbo, abin da zai fara tunani shi ne canza sautin motar. Ba laifi ba ne. Mai yini a gosulo yana son abin da zai ɗebe masa kewa. Amma wannan aiki ya fi shafar wutar mota fiye da kiɗa. In aka yi shi daidai za ka ji daɗi shekara da shekaru, in aka yi shi da ka kuwa, batir zai riƙa mutuwa, wani lokacin ma waya ta kama da wuta.

Mu fara da lasifika. Yawancin waɗanda kamfani ke sa wa ƙananan motoci na takarda ne, ga ƙaramin maganaɗisu. Motar da ta shekara 15, zafi da damshi sun riga sun cinye bakinsu, shi ya sa kake jin karkarwa. Na ƙofa galibi inci 6.5 ne, na bayan kujera a motoci da yawa inci 6 da 9. A auna kafin a saya. Idan labarai da hira kake saurare, ko waƙoƙin Shata, to canza waɗannan kaɗai ya wadatar. Ka riƙe sauran kuɗinka.

Sai maganar lambar da ke jikin kwali. A kara, mahaifina ba ya sayen sa don tsawon ƙahonsa, sai ya taɓa jikinsa ya ji nama. Haka abin yake a shagunan Alaba. Za ka ga an rubuta wat 1,000 da manyan haruffa, to wannan ƙaho ne, ƙarfin da kayan ke ɗauka na ƙiftawar ido kawai. Naman shi ne ƙaramar lambar da aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da zai jure a kai a kai. Hatta rediyon da aka rubuta masa wat 50 sau huɗu, abin da yake bai wa kowace lasifika kusan wat 20 ne kawai. Ko Pioneer ne, ko JBL, ko Kenwood, RMS za ka nema. In babu ita a kwalin, ajiye musu kayansu.

Amfilifaya ita ce ke ƙara wa sauti ƙarfi, wufa kuma ita ce ke fitar da wannan dum-dum ɗin na ƙasa, galibi mai faɗin inci 10 ko 12, a cikin akwati a but. Dole RMS ɗinsu ya yi kusa da juna. Akwai kuma abin da ake kira om. Yawancin lasifikan mota om 4 ne. In ka haɗa wufa biyu masu om 4, jan waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma om 2, kuma ba kowace amfilifaya ke jure haka ba. Wadda ba ta iyawa za ta yi zafi ta riƙa yankewa, ko ta ƙone.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan ƙarfi daga altaneta yake fitowa, wato abin da ke caja batir. Ta ƙaramar mota tana ba da amfiya 80 zuwa 100, kuma fitilu da esi da fanka duk a nan suke ci. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, in an ƙure ta, za ta iya jan amfiya 45 ita kaɗai. A gosulo kuma injin yana tafiya a hankali, altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta. In ka ga fitilun gaba suna lumshewa duk lokacin da wufa ta buga, motar ce ke faɗa maka kaya sun yi mata nauyi.

Don haka ranar ɗaurawa ka tsaya a kan mai rewaya. Babbar wayar da za ta taso daga batir ta zama mai kauri, lamba 8 ga ƙaramar amfilifaya, lamba 4 ga babba, domin ƙanƙantar lamba ita ce kaurin waya. Ta zama jan ƙarfe zalla, don akwai ta alminiyam da aka shafa wa ja a sama. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari ka gane. Lallai a sa fis kusa da batir, kar ya wuce santimita 45 daga kansa. In wayar ta goge a jikin ƙarfe, fis ɗin ne zai yanke wuta kafin mota ta kama. Kar ka yarda a ce maka ai ba komai. Inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Wayar ƙasa ta zama gajeriya, a kankare fenti a ɗaure ta tam. Wayoyin sauti su bi gefe ɗaya, ta wuta ta bi ɗaya gefen, don kar ka riƙa jin kukan inji a lasifika. Maɓallin da aka rubuta GAIN kuma ba na ƙara murya ba ne, ƙure shi yana ƙona wufa.

Abu na ƙarshe, kunnenka. Ƙarar da ta wuce desibel 85, in ta daɗe, tana rage ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A kan titi kana buƙatar jin hon ɗin tirela da na mai okada. Mu kuma baƙi ne a unguwannin nan, mutuncinmu da maƙwabta ya fi kowane irin kiɗa. In ka shigo layi da dare, rage murya.