Tsari Ɗaya ga Kowa ko Kowane Yaro da Nasa: Wata Taƙaddama a Ilimin Nazarin Ɗabi'a

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayani a kan wata taƙaddama da ta daɗe tsakanin masanan wani fanni da ya tsiro a Amurka, watau nazarin ɗabi'a a aikace. Tambayar ita ce: in an kawo yaro mai matsalar ɗabi'a, shin za a bi da shi ta tsarin da aka riga aka shata wa kowa ne, ko kuwa za a tsara masa nasa? Maganar ba ƙarama ba ce, domin da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa aikin yara ne masu larurar otizim, waɗanda magana da cuɗanya da jama'a ke yi wa wuya, wasunsu har sukan ji wa kansu rauni.

Asalin Fannin

Tushen fannin shi ne aikin B. F. Skinner, wanda ba shi ne Neil Skinner da muka sani a nazarin Hausa ba. A littafinsa na 1938 ya nuna, ta hanyar gwaji da ɓeraye, cewa ɗabi'a takan ƙaru ko ta ragu gwargwadon abin da ya biyo bayanta. A 1968 Baer da Wolf da Risley na Jami'ar Kansas suka zana sharuɗɗa bakwai na aiki da wannan ilimi a kan mutane. Ɗaya ya ce a rubuta matakan aiki dalla-dalla yadda wani zai iya maimaita su. Wani kuma ya ce lalle ɗabi'ar da za a gyara ta kasance mai muhimmanci a rayuwar mai ita. Ashe ke nan tun ran gini aka yi zanen ɓangarorin nan biyu.

Tsari Ɗaya ga Kowa

Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da rahoton Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles, na 1987. Ya koyar da yara 19 masu otizim wajen awa 40 a mako, har shekara biyu ko fiye, sa'an nan ya ce tara daga cikinsu sun gama aji ɗaya na firamare tare da sauran yara. Amfanin shataccen tsari a fili yake: yana da sauƙin koya wa ma'aikata, ana iya duba ko sun bi shi, ana kuma iya kwatanta sakamakon wuri da wuri.

Amma fa akwai suka. Yara goma ba su kai wannan matsayi ba, kuma ba ta hanyar ƙuri'a aka raba yaran rukuni-rukuni ba, abin da ya rage ƙarfin hujjar. Bugu da ƙari, waɗansu masu otizim da suka girma sun koka cewa an tilasta musu kallon ƙwayar idon mutane, an hana su kaɗa hannu, alhali wannan bai cuci kowa ba.

Kowane Yaro da Nasa

Babbar hujjar wannan ɓangare ta fito ne daga binciken Brian Iwata da abokan aikinsa na 1982 a kan yara tara masu ji wa kansu rauni. Sun sa yaran cikin hali huɗu: inda babba zai kula shi in ya bugi kansa, inda za a ɗauke masa aiki in ya yi haka, inda aka bar shi shi kaɗai, da inda yake wasa ba matsi. A yara shida, ɗabi'ar ta fi yawa a hali guda takamaimai, kuma halin ya bambanta daga yaro zuwa yaro.

Alal misali, a ɗauki yara biyu masu buga kai a bango. Na farko kulawar malami yake nema, na biyu kuwa gudun darasi yake yi. In doka ta ce a fitar da duk wanda ya buga kai daga aji na ɗan lokaci, mai yiwuwa na farko ya rage, amma na biyu an biya masa bukatarsa ke nan, gobe sai ya ƙara. Maganinsa shi ne a koya masa neman hutu da baki ko da alama. Kowane allazi da nasa amanu.

Duk da haka taƙaddamar ba ta mutu ba. A 2014 Gregory Hanley da abokan aikinsa suka kawo hanyar da ake fara tattaunawa da iyaye, sa'an nan a tsara gwajin daidai da gidan yaron. Masu sukarsu suka ce haɗa dalilai da dama a gwaji guda yakan ɓoye ainihin wanda ke aiki.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane ɓangare yana da muhallinsa. Ƙa'ida ɗaya ta dace da ma'auni: yadda ake ƙirga ɗabi'a, da rubuta matakai, da horar da ma'aikata. Zaɓen abin da za a koyar, da yawan awoyi, da irin lada kuwa, sai an dubi yaron, an kuma saurari shi da iyayensa. Tela da awo ɗaya yake auna kowa, amma rigar da ya yanka ta mutum ɗaya ce.