Abin da kwamfuta ta kasa ɗauka daga kan teburi

A Ƙofar Guga, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, lido ya bar katako ya koma cikin waya. Samari huɗu za su kewaye waya ɗaya, kowa ya danna idan layi ya zo kansa. Dokar ba ta canja ba, sai ka sami shida ɗanka zai fita. Ƙorafi ne ya canja. Da can abokin wasa ake zargi da murɗiya, yanzu kuwa wayar ake zargi, wai tana da 'yan lele. Kuma babu sauran "a yafe masa wannan", balle dokar da majalisa ta ƙirƙiro wa kanta. Irin wannan matsala ce masu ƙera wasannin kwamfuta na jarumai da dodanni suka shafe shekaru kusan 40 suna fama da ita.

Uban waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A kan teburi ake yin sa, da takarda da fensir, kuma ba kuɗi ake sawa ba. Kowa zai ɗauki jarumi ɗaya, ya rubuta makinsa a fannoni shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari, shi ke yanke hukunci. Zai ce kun iso ƙofar gari da dare, mai gadi ya hana ku shiga. Kai kuma ka ce za ka lallashe shi. A tsarin yanzu jagora zai tsayar da lamba, a ce 15, ka jefa ɗan lido mai fuska 20, ka haɗa da makin kwarjininka. In ya kai, ƙofa ta buɗe. In bai kai ba, sai abin da jagora ya ga dama.

Ke nan dokokin kashi biyu ne: lissafin da ke cikin littafi, da hukuncin da ke bakin jagora. Na farkon kwamfuta ta lanƙwame shi tun da wuri. Pool of Radiance na kamfanin SSI, a 1988, ya riga ya iya. Da BioWare na Kanada ya fitar da Baldur's Gate a 1998, ya sauke wa 'yan wasa nauyin bugu na biyu na dokokin, inda makin sulke ke ƙara kyau idan ya yi ƙasa, har ya gangara ƙasa da sifili, kuma sai an yi ɗebewa kafin a san ko sara ya kama. Amma BioWare ya taɓa doka. Zagayen faɗa da littafi ya ce minti ɗaya ne ya mayar da shi daƙiƙa shida, kowa na motsi lokaci guda, sai dai ka tsayar da wasan ka ba da umarni. Masu riƙo da littafi sun yi gunaguni. Jama'a kuwa suka saya.

Wanda ya fi kowa biyayya a zamaninsa shi ne The Temple of Elemental Evil na kamfanin Troika, a 2003. Ya bi doka sau da ƙafa, ya fito da kurakurai da labari mara nama, kuma kafin 2005 ta ƙare kamfanin ya rufe.

A ganina wanda ya fahimci inda gizo ke saƙa shi ne Baldur's Gate 3, na kamfanin Larian da ke birnin Ghent a Beljiyam, wanda ya fito a watan Agusta na 2023. Maimakon ya ɓoye ɗan lido, sai ya kafa shi a tsakiyar allo, ka gan shi yana gungurawa gabanka na faɗuwa. Ya ƙara abin da littafin bugu na biyar na 2014 bai faɗa ba, kamar ƙarin maki ga wanda ke harbi daga tudu. Ya kuma rage. Littafi ya ba jarumi matakai 20, Larian ya tsaya a 12, domin daga nan siddabarun da ke littafin ya fi ƙarfin abin da za a iya tsarawa a gaba. Har wanda ke warware siddabarun wasu, Dispel Magic, cire shi aka yi, don da an bar shi sai an tanadi amsarsa a kowane lungu na wasan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zaɓin da suka kira Karmic Dice, wanda ke kunne tun farko sai in kai ka kashe shi. Idan jifa ta yi ta zuwa maka ba daidai ba a jere, wasan zai ɗan karkato da sa'a. Zargin da samari ke yi wa wayarsu, a nan gaskiya ne, kuma a rubuce yake. Kafin a ce ha'inci ne, a tuna cewa jagorori da yawa a bayan kwali suke jifa, in suka ga jarumin wani zai mutu a banza sai su faɗi wata lambar. Larian ya kwaikwayi tausayin jagora ne, ba harafin littafi ba.

Sai dai akwai inda tulu ke fashewa. A teburi, jifa in ta faɗi ta faɗi, jagora ya gina labari a kan asarar. A kwamfuta mutum na iya komawa inda ya adana wasa ya yi ta sakewa har mai gadi ya buɗe. Disco Elysium na 2019, wanda ya samo asali daga wasan teburi na marubucin Estoniya Robert Kurvitz, ya nemi maganin wannan ta hanyar sa faɗuwa ta haifar da labari mai daɗi, wani lokaci fiye da nasara. Ban da haka, duk dabarar da ka yi a Baldur's Gate 3 wani a Larian ya riga ya hango ta ya rubuta mata amsa. A teburi kana iya cewa za ka nemi auren 'yar mai gadin, jagora ya yi dariya ya tambayi wa zai yi maka wakilci. BioWare kansa ya san da haka, shi ya sa a Neverwinter Nights na 2002 ya tanadi kujerar jagora, mutum ya shiga ta intanet ya tafiyar da wasan.

A Katsina dai Baldur's Gate 3 ba abin kowa ba ne. Yana neman wajen gigabayit 150 da kwamfuta mai ƙarfi ko na'ura irin PlayStation 5, ga shi yana cin sa'o'i masu yawa, alhali gidajen gem da ƙwallo suka saba, a biya kuɗin wasa ɗaya a tashi kafin a ɗauke wuta. Na teburin ne mai araha. Wizards of the Coast, mai mallakarsa tun 1997, ya saki ginshiƙan dokokin bugu na biyar a Janairun 2023 ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya halatta wa kowa ya fassara su zuwa Hausa, ya buga, har ya sayar, muddin ya ambaci mai su.