Tsohon da Ke Riƙe da Takobi da Sanda

Yau za mu leƙa babbar majami'ar birnin Wurzburg a ƙasar Jamus, inda siffar wani tsoho take tsaye a jikin ginshiƙi, an sassaƙa ta da jan dutse. Sunansa Rudolf von Scherenberg.

An naɗa shi bishop a shekara ta 1466, yana da wajen shekara 65, shekarun da yawancinmu mukan nemi hutu. A wancan zamani bishop na Wurzburg shi ne kuma sarkin ƙasar. Ya tarar bashi ya yi wa ƙasar katutu, har an jinginar da garuruwa. Da tsimi da haƙuri ya yi ta biya yana fanso su. Ya kuma kawo mai buga littattafai, Georg Reyser, a 1479, domin majami'u su sami littattafan sujada.

Amma akwai abin da ba za mu ɓoye ba. A 1476 wani saurayi makiyayi mai kiɗan ganga, Hans Bohm, ya tashi a ƙauyen Niklashausen yana wa'azi cewa Maryamu ta bayyana gare shi. Ya tsauta wa firistoci saboda haɗama, ya ce kada talaka ya ƙara biyan haraji. Dubban mutane suka yi ta tururuwa wurinsa. Bishop ya aika mahaya suka kama shi da dare, aka ƙone shi a Wurzburg cikin watan Yuli. Ko da koyarwar yaron da kuskure, mu dai ba mu ga yadda makiyayin tumakin Allah zai hura wa tunkiya wuta ba.

Rudolf ya rasu a 1495, ya haura shekara 90. Gwanin sassaƙa Tilman Riemenschneider ya yi aikin kabarin daga 1496 zuwa 1499, bai kuwa yi wa marigayin kwalliya ba. Kumatu sun faɗa, fata ta yi tamoji, idanu sun gaji, rigunan aiki kamar sun fi ƙarfin jikin. Hannu ɗaya na riƙe da sandan makiyayi, ɗayan kuma yana kan takobin sarauta.

Wutar yaƙi ta ci majami'ar a watan Maris 1945, aka sāke gina ta. Siffar tsohon tana nan a ciki har yau.