Sashen da Maganinsa Ba Ya Kwana

A sashen hoton nukiliya na wani asibitin koyarwa ba a yi wa kowa uzurin makara. Sinadarin da ake allura da shi, teknishiyam-99m, yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan awa 6, don haka abin da aka tatsa da safe ba ya kwana. Tukunyar da ake tatsarsa, mai ɗauke da molibdinam-99, ita ma rabin ƙarfinta na tafiya cikin awa 66. Ranar da sabuwa ta iso, benci cika yake yi.

Da yawan masu jiran sun tsallake toshewar jijiyar zuciya ne. Kafin komai ma'aikaciya takan rusuna ta tambaya, "Baba, kun ci goro ko kun sha shayi?" Ba gulma ba ce. Sinadarin da ke cikinsu yana dakushe maganin da ake buɗe jijiyoyi da shi a gwaji, kuma dattijon da ya ce "ɗan ɓari ne kawai, 'yata" sai an sake masa rana.

Bayan allura mutum zai kwanta, hannuwa sama da kai, kyamara na kewaya ƙirjinsa. Wayoyin da aka manna masa suna sa kwamfuta ta raba kowane bugu gida 8 ko 16.

A ɗakin baya ake ainihin aikin. Inda tsokar zuciya ta mutu, tabo ke maye gurbinta, kuma tabo ba ya matsewa, ba ya isar da saƙon lantarki yadda ya kamata. Sai bangon ɗakin zuciya na hagu ya daina aiki tare, wani gefe ya matse, wani ya makara, kamar lugude idan mace ɗaya ta saɓa. Da hanyar da masana Jami'ar Emory ta Amurka suka wallafa a 2005, ana ɗaukar bugu ɗaya a matsayin zagaye mai digiri 360, a ga lokacin da kowane yanki ya fara matsewa, a fitar da sakamakon a zane. Zanen lafiyayye siriri ne mai tsini. Na wanda zuciyarsa ta saɓa baje yake.

Wannan zanen ya fi ƙarfin ado, a ganina. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ake dasa wa na'urar da ke sa bangon zuciya ya koma matsewa tare ba sa samun sauƙi, ga ta da ɗan karen tsada. Likita na son a kai wayarta gefen da ya fi makara, muddin tsokar wurin na da rai, domin wayar da aka ɗora kan tabo ba ta cika yin amfani ba.